Wasiƙar Bill Gates ta 1976: shin masu kwafin BASIC ɓarayi ne?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. An ba mu aikin gida a makaranta kan tarihin ƙananan kwamfutoci, ina cikin karatu sai na ci karo da labarin wata wasiƙa da Bill Gates ya rubuta a 1976 yana cewa masu amfani da manhajarsa sata suke yi. Abin ya ɗaure mini kai. A 1976 wa ke da kwamfuta a gida da har za a yi satar manhaja? Kuma da me ake kwafa, tunda babu filash babu intanet? Don Allah a taimaka wa ƙaninku.

Mai Unguwa: Wa alaikumus salam. Tambaya mai kyau. Sai dai tun kafin a fara ina roƙon arziki: na san mutum biyu a nan da idan aka ambaci Bill Gates ba sa iya barci. A yi muhawara, ban da zagi.

Injiniyan Farm Centre: Mai Unguwa da ni kake, na ji. Auta, sai ka fara sanin na'urar kafin ka gane rigimar. A watan Janairun 1975 mujallar Popular Electronics ta sa hoton wani akwati a bangonta, sunansa Altair 8800. Wani ƙaramin kamfani ne ya yi shi, MITS, a garin Albuquerque na jihar New Mexico a Amurka, mai kamfanin kuma Ed Roberts. Kuɗinsa wajen dala 400, kuma a wargaje ake aiko maka, kai za ka zauna da dalma ka haɗa abinka. Firosesa Intel 8080, memori bayit 256. Ba kilobayit na ce ba, bayit. Saƙon tes biyu cikakku ba za su shiga ba.

Babu allon kallo, babu kibod. Gaban akwatin ƙananan maɓallai ne a jere da jajayen fitilu. Ka ɗaga wannan ka sauke wancan, lamba ɗaya ta shiga, ka sake. In ka gama wahalarka fitilu su yi ƙyafta-ƙyafta, amsarka ke nan. Ka kashe wuta komai ya tafi.

Ɗan Auta: Yaya, to me mutum zai yi da wannan? Wallahi ko kyauta aka ba ni sai na yi tunani.

Injiniyan Farm Centre: Ai nan BASIC ya shigo, wato harshen da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi. Paul Allen ya ga mujallar ya kai wa abokinsa Gates, lokacin Gates ɗalibi ne a Harvard. Suka kira Roberts suka ce suna da BASIC da zai yi aiki a kan Altair, alhali ko layi ɗaya ba su rubuta ba, kuma ko Altair ɗin ba su taɓa gani da ido ba. Allen ya rubuta wata manhaja da ke sa babbar kwamfutar jami'a, PDP-10, ta riƙa kwaikwayon 8080, a kanta suka yi aikin cikin 'yan makonni. Wani ɗalibi, Monte Davidoff, shi ya rubuta ɓangaren lissafin lambobi masu ɗigo. Allen yana cikin jirgi zuwa Albuquerque ya tuna ba su rubuta ɗan abin da zai loda manhajar cikin na'ura ba, ya zauna ya rubuta shi a takarda kafin su sauka. Aka gwada, ya yi aiki. Da BASIC kana iya haɗa Altair da injin buga rubutu na teletaif ka rubuta umarni da kalmomin da mutum ke karantawa, ba wasa da maɓallai ba.

Batun da me ake kwafa: doguwar siririyar takarda ce a naɗe kamar bandeji, an huda ta. Kowane layin huji bayit ɗaya ne. Duk mai injin huda takarda zai iya fitar da irinta sak.

Almajirin Linux: Yauwa, an zo wurina. A Kalifoniya akwai ƙungiyar masu sha'awar lantarki da ake kira Homebrew Computer Club, sun fara zama ranar 5 ga Maris 1975 a garejin Gordon French a Menlo Park. Al'adarsu kowa ya zo da abin da ya gano ya nuna wa 'yan uwa. A tsakiyar shekarar MITS ta zo Palo Alto da motar talla tana nuna Altair a wani otal, sai naɗin takardar BASIC ɗaya ya yi ɓatan dabo. Ya faɗa hannun Dan Sokol, wanda ke da damar amfani da injin huda mai sauri, ya buga kwafi wajen 50 ya kawo taro. Sharaɗi ɗaya aka sa: in ka ɗauki ɗaya, zama na gaba ka dawo da biyu.

Kafin a ce musu ɓarayi a ji dalilinsu. Da yawa sun riga sun biya MITS kuɗi watanni suna jira ba a aiko musu komai ba. Sannan farashin tarko ne. BASIC na 8K, wato mai buƙatar memori kilobayit 8, dala 200 ne in shi kaɗai kake so, amma dala 75 in ka haɗa da allunan memori na MITS da sauran kayansu. Su kuma allunan memorin nasu na 4K sun yi ƙaurin suna wajen rashin aiki. Wani ɗan ƙungiyar, Bob Marsh, ya kafa Processor Technology yana yin allon da ke aiki lafiya. To ka zaɓa: ka sayi allon da ba ya aiki don ka sami BASIC da araha, ko ka sayi mai aiki a tsuga maka kuɗi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Anti Mai Manhaja: Almajiri, duk wannan laifin Roberts ka lissafo. Me ya haɗa shi da yaron da ya kwana a gaban kwamfuta yana rubutu? Yarjejeniyar da suka yi da MITS ta kamasho ce, a kan kowane kwafi da aka sayar ake ba su wani abu, dala 30 zuwa 60 gwargwadon nau'in. Duk takardar da Sokol ya huda, aljihun Gates da Allen ta taɓa. In mai shago ya cuce ka, sai ka je ka kwashe kayan masaƙin da ya kawo masa?

Auta, abin da wasiƙar ta ce a taƙaice: ranar 3 ga Fabrairu 1976 aka rubuta ta, Gates yana da shekara 20. Ya ce mutane ɗaruruwa suna yaba BASIC, amma cikin masu Altair waɗanda suka saya ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba. Ya ce in aka raba abin da suka samu da awannin da suka yi aiki, bai kai dala 2 a awa ba. Ya tambaya wa zai iya yin aikin ƙwararru a banza. Ni dai duk lokacin da na karanta wurin sai na ji kamar da bakina aka faɗa. Na shekara guda ina rubuta manhajar lissafin kuɗin makaranta, makarantu uku suka saya, bayan wata shida na same ta a makarantu fiye da goma, har wani shugaban makaranta da bai biya ko kwabo ba ya kira ni yana faɗa wai rasit ba ya fita daidai.

Injiniyan Farm Centre: Anti Allah ya huci zuciyarki, amma wannan shugaban makarantar ya iya ƙarfin hali.

Almajirin Linux: Anti, naki daban, ke da kwamfutarki da wutarki kika yi. Shi Gates fa? PDP-10 ɗin da suka yi aikin a kanta ta jami'a ce, kuma kuɗin hukumar binciken ma'aikatar tsaron Amurka ne a cikinta, wato kuɗin jama'a. Har sai da hukumar jami'ar ta tuhume shi, daga baya suka koma sayen lokaci a wani kamfani don su ƙarasa. Shi kansa harshen BASIC ba su suka ƙirƙira ba. John Kemeny da Thomas Kurtz suka yi shi a kwalejin Dartmouth a 1964 don ɗaliban da ba 'yan lissafi ba, kuma ba su hana kowa ɗauka ba. Ka ɗebi ruwa a rijiyar unguwa da gugar makaranta, sannan ka tsaya kana kiran mutane ɓarayi. Laifi tudu ne.

Anti Mai Manhaja: Harshe daban, aikin cusa shi cikin 4K daban. Hausa ma ba ni na ƙirƙira ba, amma in na rubuta littafi da ita nawa ne. Ka taɓa gwada rubuta wani abu mai amfani a cikin bayit 4096? A ciki har sai ka bar wa mai amfani wurin da zai sa nasa shirin.

Almajirin Linux: Wasu sun gwada ai, kuma sun bayar. Dennis Allison ya fitar da tsarin Tiny BASIC a fili, mutane suka yi ta rubuta nasu, daga nan mujallar Dr. Dobb's Journal ta samo asali a 1976. Li-Chen Wang ya rubuta nasa ya sa masa kalmar Copyleft, kishiyar Copyright ta haƙƙin mallaka, a sama don tsokana. Tom Pittman ya sayar da nasa dala 5 kacal, mutane kuwa suka yi ta aiko masa da kuɗi. Editan mujallar, Jim Warren, hujjarsa ita ce in manhaja ta yi arahar da biya ya fi kwafa sauƙi, ba wanda zai sata.

Malam na Zaure: Ina bin ku tun ɗazu. Abu biyu zan ƙara, ban da fatawa. Na farko, a 1976 dokar Amurka kanta ba ta fito fili kan manhaja ba, sai a 1980 aka gyara dokar haƙƙin mallaka aka ambaci shirin kwamfuta ƙarara, sannan shari'ar Apple da Franklin a 1983 ta tabbatar da cewa har abin da ke ƙone cikin na'ura yana da kariya. To yaran nan suna cikin wani yanayi da hukuncin bai zauna ba. Na biyu, mu ma malamanmu sun tattauna irin wannan. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwet a watan Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ke karewa, ba a yarda a keta shi ba. Akwai malaman da suka saɓa, suna ganin ilimi ba a killace shi. Kun ga Anti da Almajiri kowa yana da magabata.

Mai Unguwa: Malam ya raba gardama ba tare da ya raba ba.

Ɗan Damagaram: Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Kullum in ana wannan zance sai a fara daga Altair kamar duniya Amurka ce kawai. Mu nan a makaranta Micral aka koya mana. A Faransa aka yi ta a 1973, kamfanin R2E, injiniyan François Gernelle, da firosesa Intel 8008. Shekara biyu kafin Altair, kuma a haɗe ake sayar da ita. Auta, ka sa wannan a aikinka ko malaminka zai ƙara maka maki.

Injiniyan Farm Centre: Gaskiyarka ɗan uwa, akwai ma Kenbak-1 ta 1971, wadda ba ta da firosesa guda sam, kuma ba a sayar da fiye da 'yan gomomi ba. Amma Micral don ma'aikatu aka yi ta, cibiyar binciken noma ce ta fara nema. Ba ta tara mahaukatan gareji a kanta ba. Abin da ya sa ake tuna Altair shi ne kasuwar da ta taso kewaye da ita: wannan yana yin memori, wancan yana yin allon haɗa talabijin, wani yana rubuta manhaja. A zaman Homebrew ɗin nan ne Steve Wozniak ya ga abin da ya sa ya koma gida ya zana Apple I, kuma shi ma raba zanen yake yi kyauta a taro kafin Steve Jobs ya ce a sayar.

Almajirin Linux: Na gode Injiniya, ka ba ni harsashi. Kuma ku lura da abin da kwafin ya yi wa Gates ɗin. Saboda takardar ta bazu ko'ina, BASIC ɗinsa ya zama wanda kowa ya iya. Da Commodore da Apple da Radio Shack suka zo yin nasu injinan daga 1977, wurin wa suka je? Wurinsa. Ɓarayin ne suka yi masa talla.

Anti Mai Manhaja: Wannan hujja ce ta bayan an sha. Kamar ka sace wa mai tsire nama ka ce ai na sa unguwa ta san daɗin tsirenka. Amma na yarda da rabi: ya koyi darasi, sai dai ba wanda kake nufi ba. Ya gane bin mutum ɗaya-ɗaya yana roƙon a biya shi ɓata lokaci ne. Sai ya koma sayar wa masu ƙera na'ura, su saka BASIC a cikin injin tun daga masana'anta. Ka kunna Commodore, BASIC ne ke gaishe ka. Ka biya ba ka ma san ka biya ba. A nan ma ya sha kashi sau ɗaya, don Jack Tramiel na Commodore kuɗi dunƙule ya biya sau ɗaya tak, ya yi ta zuba manhajar a injina miliyoyi har zamanin Commodore 64.

Tsohon Akawu: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ta ce in leƙo ana zancen zamaninmu. Ni ban ga Altair ba, ban kuma san Sokol ba. Amma zan gaya muku abin da ya sa irinmu muka yarda da kwamfuta, don ba BASIC ba ne.

Na yi aikin akawu shekara da shekaru da babban littafin leja da fensir da roba. Takardar albashi ta ma'aikata ɗari uku, in aka ce an ƙara alawus ɗin gida, sai ka bi layi-layi ka goge ka sake, ka tara ƙasa, ka tara gefe, in ba su haɗu ba ka kwana a ofis kana neman kwabo biyu. Wajen ƙarshen shekarun 1980 aka kawo mana kwamfuta ɗaya tal, aka sa ta a ɗaki mai sanyi, aka ɗinka mata riga saboda ƙurar hunturu, ba a shiga da takalmi. A kanta akwai Lotus 1-2-3. Ranar da yaron da ke koya mana ya canza lamba ɗaya a sama, na ga duk lissafin ƙasa ya juya da kansa, sai da na tashi tsaye. Na ce ya mayar. Ya mayar. Na ce ya sake. Har yau yatsuna sun san a danna sanda mai karkata, sannan F, sannan S, a adana aiki kafin a ɗauke wuta.

Ɗan Auta: Baba sannu da zuwa, Allah ya ƙara lafiya. Wato Lotus ne kakan Excel?

Injiniyan Farm Centre: Baba barka da zuwa. Auta, Lotus uba ne, kakan shi ne VisiCalc na 1979. Dan Bricklin yana karatun kasuwanci a Harvard yana kallon malami na goge allo yana sake lissafi, irin wahalar da Baba ya faɗa, sai ya ce me zai hana allon ya riƙa yi da kansa. Shi da Bob Frankston suka rubuta shi don Apple II, layi 254 a kwance, 63 a tsaye, kuɗinsa wajen dala 100. Mutane suka riƙa shiga shago suna cewa a ba su VisiCalc, a ce musu sai da Apple II, su ce to a haɗo da shi, alhali injin ya ninka kuɗin manhajar fiye da sau goma. Lotus 1-2-3 na Mitch Kapor da Jonathan Sachs ya fito a Janairun 1983 don kwamfutar IBM, dala 495, ya fi sauri, ya yi cinikin dala miliyan 53 a shekarar farko. A 1985 Lotus ta saye kamfanin su Bricklin ta rufe VisiCalc.

Almajirin Linux: Ku ji fa. Bricklin bai yi rajistar ƙirƙirar ba, don a lokacin ba a saba ba wa manhaja irin wannan kariya ba. Lotus ta ɗauki dabarar ta yi arziki, ba wanda ya kira ta ɓarauniya. Amma da kamfanin Borland ya kwaikwayi jerin umarninta sai Lotus ta kai shi kotu, har kotun ƙoli a 1996, alƙalai suka rabu huɗu da huɗu, hukuncin da ya ba Borland gaskiya ya tsaya.

Tsohon Akawu: Ɗana, bari in ba ka labarin da zai yi maka daɗi, ita kuma 'yata Mai Manhaja ta yi mini afuwa. Irin Lotus ɗin da muke da shi ba ya tashi sai an sa faifansa na asali a ramin A, don hana kwafi. Faifan nan babba ne mai laushi, inci biyar da kwata. Saboda darajarsa sai aka ce a riƙa kulle shi a sef ɗin ma'aji. Wani ƙarshen wata aka yi wa ma'aji rasuwa, ya tafi garinsu da makullin a aljihu. Babu wayar hannu a lokacin. Kwana huɗu kwamfuta tana zaune cikin rigarta, mu muna ciro tsohon leja, ma'aikata suna zagaye ofis. Wautarmu ce, da mun ba mutum biyu makulli. Amma da ya dawo, yaron nan ya je wani wuri ya dawo da faifan da ke tashi ba tare da na asalin ba. Mun saya da kuɗinmu, kuma da na kwafin muka ci gaba da aiki. To ku malamai ku gaya mini sunanmu.

Anti Mai Manhaja: Baba ai ku kun biya, ba ku cikin lissafina. Wanda na ke nufi shi ne wanda yaron ya je wurinsa, don na tabbata ba ku kaɗai ya yi wa ba.

Malam na Zaure: Baba ya kawo mas'ala mai wuya a cikin raha.

Injiniyan Farm Centre: Tunda Baba ya ambaci ramin A, Auta ka taɓa tambayar kanka me ya sa babban faifan kwamfutarka C ne ba A ba? A da B na faifan flofi ne. Kuma salon kiran faifai da harafi, da sunan fayil mai harafi takwas da ɗigo da harafi uku, DOS, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar IBM, ya gaje su ne daga irinta da ta riga ta, CP/M na Gary Kildall. Wannan mutumin shi ne ya kamata a ce kowa ya sani. Tun 1974 ya rubuta CP/M, ya kuma ware ɗan ɓangaren da ke magana da ƙarfen na'ura, ya kira shi BIOS, ta yadda manhaja ɗaya za ta yi aiki a injinan kamfanoni daban-daban. WordStar na buga rubutu da dBase na adana bayanai duk a kansa suka tashi.

A 1980 IBM ta zo neman manhajar da za ta tafiyar da sabuwar kwamfutarta. Gates da kansa ya tura su wurin Kildall a Pacific Grove. Ba a daidaita ba. Labarin da ya fi yawo shi ne wai ya tafi shawagi da jirginsa ya bar su, amma abokin aikinsa Tom Rolander da ke cikin jirgin ya ce kaya suka kai wa wani abokin ciniki, kuma matarsa Dorothy, wadda ke riƙe da harkar kwangila, ita ta ƙi sa hannu a takardar rufe sirri ta IBM da farko saboda sharuɗɗanta. IBM ta koma wurin Gates. Shi kuma ba shi da irin wannan manhaja, sai ya nemo ta Tim Paterson na Seattle Computer Products, wadda aka fara kira QDOS, daga baya ta zama DOS. Dala 25,000 na lasisi, sannan 50,000 na saye gaba ɗaya a Yulin 1981, wata ɗaya kafin IBM PC ta fito ranar 12 ga Agusta.

Almajirin Linux: Faɗi sauran mana. Paterson ya tsara QDOS ne ta yadda zai amsa kira iri ɗaya da CP/M, yana duba littafin bayanin CP/M ɗin. Wato mai wasiƙar 1976 ya gina gidansa a kan abin da aka kwaikwaya daga aikin wani. Da Kildall ya yi ƙorafi IBM ta yarda ta sayar da nasa ma, amma DOS dala 40, CP/M-86 dala 240. Wa zai saya? Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Kar kuma a manta mahaifiyarsa Mary Gates suna kwamitin ƙungiyar agaji ta United Way tare da John Opel, shugaban IBM. Ko a Amurka akwai ɗan wane.

Anti Mai Manhaja: Ka daina haɗa abu biyu. Sokol ya ɗauki aikin mutum ya buga shi harafi da harafi. Paterson ya zauna ya rubuta nasa da hannunsa, har tsarin ajiye fayil ɗinsa daban ne, ya dai sa ƙofofin a inda CP/M ya sa nasa don manhajojin mutane su shiga da sauƙi. In wannan sata ce, to Linux ɗinka da ya kwaikwayi Unix fa? Sunan ma bai ɓoye ba.

Mai Unguwa: Almajiri, ana jiranka.

Almajirin Linux: Ina shan ruwa ne. To na yarda kwaikwayon ƙofa ba sata ba ce. Amma sai ku yarda cewa arahar kwamfuta da muke mora daga kwaikwayo ta zo. IBM ta harhaɗa injinta da kayan kasuwa, BIOS kaɗai ne nata. Compaq ta sa injiniyoyin da ba su taɓa ganin rubutun IBM ba suka rubuta wanda ke aiki iri ɗaya, ta yi cinikin dala miliyan 111 a 1983. Phoenix ta yi nata a 1984 ta sayar wa duk mai so. Daga nan Taiwan ta cika duniya da injina. Ba don haka ba, Baba da bai ga kwamfuta a ofishinsu ba sai ya yi ritaya.

Anti Mai Manhaja: Kuma kowane ɗaya cikin injinan nan sai ya biya Microsoft, kamfanin Gates da Allen, kuɗin DOS, don Gates bai sayar wa IBM manhajar ba, lasisi ya ba ta ya riƙe ikon sayar wa wasu. Darasin takardar Altair ke nan. Kai kana ganin an ci shi a 1976, ni ina ganin a nan ya koyi inda ake tare hanya.

Ɗan Damagaram: Ni abin da ke ba ni haushi da zamanin nan duka, ba wanda ya tuna da mu. Tsarin ASCII harafi 128 ne, babu ƙ babu ɗ babu ɓ. Faransanci ma da ƙyar aka sama masa wuri. Larabawa sun yi nasu, kwamfutar Sakhr ta kamfanin Al Alamiah na Kuwet tana rubuta Larabci tun shekarun 1980. Mu kuwa sai a buga takarda a bi ta da biro ana sa lanƙwasa.

Tsohon Akawu: Wannan aikin na yi shi da hannuna. Takardar gayyatar auren babbar 'yata, kwafi ɗari biyu, ni da ƙanenta muka kwana muna yi wa k ƙugiya. Daga baya muka ji Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro haruffan Hausa masu lanƙwasa na kwamfuta, kowa ya riƙa karɓa a flofi wurin ɗan uwansa. Wannan kam ban san ko an biya ba, kar 'yata ta tambaye ni.

Anti Mai Manhaja: Baba na rufe bakina.

Ɗan Auta: Na gode ƙwarai, na cika shafi shida. Tambaya ta ƙarshe: shi Ed Roberts ɗin ina ya ƙare? Ba na jin sunansa ko'ina.

Injiniyan Farm Centre: Ya sayar da MITS ga kamfanin Pertec a 1977. Pertec ta ɗauka BASIC na cikin cinikin, aka je gaban mai sasanci, Microsoft ta yi nasara ta sami 'yancin sayar wa kowa. Roberts ya koma jihar Jojiya ya yi noma, sannan ya shiga makarantar likita, ya zama likitan ƙaramin gari. Ya rasu a Afrilun 2010, kuma Gates ya je duba shi a asibiti kafin rasuwar.

Tsohon Akawu: Injiniya, tunda kai ne mai gyara: ina da kwali guda na manyan faifan nan a saman durowa, har da wanda na rubuta lissafin ginin gidan nan a ciki. Akwai inda za a iya buɗe su a Kano?

Injiniyan Farm Centre: Baba na ƙananan, masu inci uku da rabi, ina da abin karanta su na USB a shago. Na manyan kam sai an tona. Akwai wani dattijo da ke da tsofaffin injina jibge a bayan shagonsa, zan tambaye shi gobe in Allah ya kai mu. Kafin nan kar a ajiye su kusa da lasifika ko wani abu mai maganaɗisu, kuma kar jikokin su ciro baƙin faifan daga rigarsa.

Tsohon Akawu: Ka makara da faifai biyu. Ƙaramin ya riga ya yi tayar mota da su.